Jan Ulu a Bakin Caji

Rumfata taku biyu ce a kasuwar El Alto,
tsakanin mai tsofaffin tayoyi da mai suyar kifi.
Sama da kaina kwandunan ƙarfe na bin igiya,
ɗauke da masu gangarawa La Paz.
Sanyin nan ba ya jin rarrashi,
sai na hura yatsuna kafin su yarda su riƙe noti.

Ran Alhamis Doña Basilia ta zo,
ƙaramar hularta zaune a ka, ko iska ba ta taɓa ta.
Ta kwance ƙunshi, ta kwance ƙyalle, ta kwance wani ƙyallen,
sai ga ƴar waya, irin ta masu ƙirga canji sau biyu,
baya ya koɗe, kusurwa ɗaya ta tsage.
Ta ce, "Nemesio, ta daina ci.
Kwana uku ina ba ta wuta, ta ƙi karɓa."

Ban ɗauki sukuddireba ba tukuna.
Wanda ya koya mini aiki yakan ce
mai gaggawar farke ciki shi ke kashe lafiyayye.
Na sauya igiya. Shiru.
Na sauya kan caja. Shiru.
Na haska fitila a bakin, na gyara tabarau,
sai ga shi: ulu, ja, a danƙare,
na mayafin da take ɓoye ta a ciki.
Da tsinken itace na ƙwaƙulo shi, ban da allura,
ƙarfe kan haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.
Kaɗan-kaɗan har ya kai ƙwayar masara.
Burushi, ɗigon sipirit, na jira ya bushe.
Na jona.
Ƴar walƙiya ta fito a fuskar gilashi,
ta yi dariya, haƙorin zinare ya leƙo.

Na kwantar da wayar a tebur, na danna gefe,
ba ta yi rawa ba, batir bai kumbura ba.
Na ce, "Sanyi ne ke shanye shi da asuba.
Ki bar ta kusa da jiki, amma a leda."

Ta ce, "Da saura.
Efraín yana ɗinki a São Paulo, Lahadi yake kira.
Da can muryarsa na cika mini ɗaki,
yanzu kamar daga ƙasan rijiya."

Na share ragar sifika, maiƙo da ƙura suka fita.
Na kira lambarta da tawa, na kara a kunne.
Tas! Har ƙarar kaskon maƙwabci ta biyo layi.
Na sake gwadawa, tas.
Tana kallon motoci, na tsaya ta hagunta,
na kira sunanta sau biyu.
Ba ta juyo ba.

Ina da dalma, ina da gam,
ina da gilashi kala tara a aljihun tebur.
Wannan ba ni da kayansa.

Na ƙure ƙarar har iyaka,
na nuna mata inda za ta taɓa murya ta fito fili,
na sa babban yatsanta a wurin sau uku.
Na ce, "Ki riƙa karawa a dama.
Asibitin bayan tasha ma suna duba kunne."
Ta ce kunnenta ƙalau, wayar ce mai arha.
Na ce haka ne.

Kuɗi na ƙi karɓa, ta ƙi tafiya,
ta zube mini busasshen dankali a kan kayan aiki,
ɗaya ya gangara ya bi notina biyu ƙarƙashin tebur.
Ina durƙushe ina lalube
wani yaro ya miƙo tasa, jiƙe da miya,
yana tambaya ko shinkafa na magani.